Gayyar da Baba Ya Kora

Shekarar da aka yi wa Baba aikin ido, sati uku ya yi a gidana a Kafanchan. Likita ya ce ya huta, kada ya yawaita kallon haske. Baba kuwa tsohon soja ne, hutu a wurinsa wata cuta ce ta daban. Ya gyara mini ƙofar kicin da babu abin da ya same ta, ya jera takalman 'ya'yana daga babba zuwa ƙarami, da ya rasa abin yi sai ya ja kujera gaban talabijin da ido ɗaya a liƙe da auduga.

A kwanakin ne girgizar ƙasa ta auka wa wata ƙasa can gabashin duniya, teku kuma ya biyo bayanta ya haura cikin garuruwa. Tsunami, in ji masu labarai. Ni kallo ɗaya na yi na kau da kai, don ba zan iya ganin motoci da gidajen mutane suna tafiya a kan ruwa kamar kwanukan wanke-wanke ba. Baba ya kalli wannan duka. Sai da sojojin waɗansu ƙasashe suka fara isowa bakinsa ya buɗe. Manyan jiragen ruwa suka tsaya a bakin teku, jirage masu saukar ungulu suna tashi daga kansu da buhunan abinci da jarkokin ruwa. Aka nuna sojoji farare da baƙaƙe cikin laka har gwiwa suna kwashe tarkace da shebur, waɗansu suna haɗa gadar ƙarfe.

"Zo ki gani!" Haka zai ƙwala mini kira ina tsakiyar tuƙa tuwo. "Wannan injiniya ne, irin namu. Dubi yadda ya riƙe shebur. Farar hula ba ya riƙe shi haka."

A rundunar injiniyoyi Baba ya yi aiki, kuma an taɓa tura su wata ƙasa da yaƙi ya ɗaiɗaita, suka yi shekara guda suna gyara gadoji da haƙa rijiyoyi. Mun ji labarin nan tun muna yara har mun haddace shi. Amma ban taɓa ganin yana murna da shi irin ta wannan sati uku ba. Ya yi mini bayanin tsarin aikin kai da gindi, ko ban tambaya ba. Wai ba masu buhu ne suke fara sauka ba, masu takarda ne. Su za su zagaya su ga ɓarna da idonsu, su rubuta, sannan a turo kaya da ma'aikata daidai da abin da suka rubuta.

"Asesmen tukuna," ya ce. "In ka yi sauri ka gyara kafin su zo, me za su gani? Za su wuce ka."

Ranar da zai koma gida, yana ɗaure jakarsa, ya faɗi maganar da na ɗauka hira ce kawai. "Duniya ma yana da gayya. Yau gidan wannan, gobe gidan wancan. Mu mun je wa mutane. Ranar da namu ya zo, za su zo mana."

Na ce Allah ya kiyaye namu ya zo, na tuna masa da maganin ɗiga wa ido, na sa shi a mota.

Bayan 'yan shekaru namu ya zo, ɗan ƙarami. Ƙauyenmu yana can wajen Kwoi, ta hanyar da ke fita Kagarko. Ƙarshen damina ne, da rana tsaka, Mama ta kira ni a waya. "Ƙasa ya motsa," ta ce. Wai tana kicin ta ji ƙara daga ƙarƙashin ƙafarta kamar babbar mota na wucewa, kwanuka suka zubo, awaki suka tsinke igiya. An yi kwanaki abin yana zuwa yana tafiya. Da ikon Ubangiji ko mutum ɗaya bai mutu a garinmu ba. Bangaye ne suka tsattsage, musamman na tsofaffin ɗakunan ƙasa.

Na Mama yana cikinsu. Gidanmu manyan ɗakuna biyu ne: na Baba a bakin ƙofa, na bulon siminti, da na Mama a ciki, na jar ƙasa da rufin kwano, wanda kakanmu ya gina. A cikinsa ta haife mu duka huɗu. Tsagar ta kama bangon gabas daga ƙarƙashin kwano har tushe, faɗinta ya isa in zura tafin hannuna. Duk wanda ya girma a wurinmu ya san ma'anar wannan, don daga gabas hadari yake haɗowa. In ba a rushe bangon nan an ta da sabo da rani ba, ruwan damina mai zuwa zai shiga tsagar ya jiƙa shi, ya kwanto. Mama kuwa a ɗakin take kwana.

Ina gida ranar da farar motar ta zo, wajen sati biyu bayan haka. Mutum uku ne cikin riguna masu ɗaukar ido. Ban san daga wane ofis suke ba, kuma ban tambaya ba, abin da na yi ta cizon yatsa a kai daga baya. Suka bi gida-gida tare da mai unguwa. A gidanmu ɗayansu ya ɗauki hoton tsagar da wayarsa, yana tafiya yana cewa, "Baba, a bar shi haka tukuna, kada a taɓa. Za a turo ƙwararru daga waje su duba."

Na bi su har gida uku, na ji da kunnena yana faɗin wannan magana a ko'ina, yadda mai tafiya yake cewa a gai da gida. Kowa ya ce to, aka watse. Baba ne kaɗai ya haɗa ƙafa ya ƙame ya sara masa. Abu biyu suka shiga kunnensa suka zauna daram: kada a taɓa, kuma masu zuwa daga waje ne.

Washegari ya samo gawayi ya ja layi a kowane gefen tsagar, don ya nuna wa baƙi iyakarta ranar da suka zo. Ya fito da tsofaffin takalmansa na soja ya goge. Sai ya wuce filin ƙwallon makarantar firamare da bokitin toka, ya zana wata ƙatuwar H a tsakiya, wai alamar da matuƙin helikwafta yake nema ke nan kafin ya sauka. 'Yan makaranta su share ta da ƙafa kafin a tashi, shi kuma ya sake zanawa da safe. Tokar murhun Mama ta daina isa, har gidajen maƙwabta yake bi. Mutanen gari suka mai da abin na dariya. In an gan shi da bokiti sai a ce, "Saja, jirgin ya kusa?" Shi kuma ya amsa da gaske, "Ba su faɗi rana ba." Ni ma na yi dariyar da farko, Allah ya gafarta mini.

Da aka gama haƙar citta aka ci Kirsimeti, sai gayyar gini ta tashi. A garinmu bi da bi ake yin ta. Dattawa su zauna su tsara gidajen da ke da aiki, kowane gida da ranarsa. Mai gida ya tanadi bulo da ruwa da abinci, maza su zo su gama masa a yini ɗaya ko biyu. Wanda ranarsa ta wuce ba a yi ba, sai ya koma ƙarshen layi, ƙarshen layin kuwa yakan faɗa lokacin sharar gona, sa'ad da babu mai hannun ba wani. A shekarar gidajen suna da yawa saboda girgizar. Kawuna, wan Mama, shi ne babban maginin garin, shi ya tsaya tsayin daka aka sa mu na uku.

Baba bai ce a'a ba, abin da ya ruɗe mu ke nan. Da 'ya'yan Kawu suka zo buga bulo a bayan gida, cewa ya yi, "Ku buga. Bulo ba bango ba ne." Muka ɗauka ya sauko. Na nemi izinin kwana biyu a makarantar da nake koyarwa, na taho da wake da manja daga Kafanchan. Mama ta jiƙa dawar kunu, matan zumunta na majami'armu suka yi yini biyu suna jido ruwa daga rafi har duro huɗu suka cika. Ran gayya tun da sassafe aka ɗora manyan tukwane, paten acha a ɗaya, wake a ɗaya. Mama ta fitar da kayanta kaf ta tara a gindin mangwaro, har gadon.

Maza suka shigo da fartanya da diga da kwanon sarki, Kawu a gaba. Muka zagaya bayan ɗakin, sai ga Baba tsaye a jikin bangon, cikin koriyar rigar sanyinsa ta soja da takalman nan, hannu a baya.

"Saja, ina kwana," in ji Kawu. "Matsa mana mu fara kafin rana ya yi zafi."

"Lafiya, suruki. Na gode da zuwa. Amma ba za a taɓa bangon nan ba. An ba da oda."

Kawu ya yi dariya, yana tsammanin wasa ne. "Wane oda? Na mutanen nan masu farin mota? Ai ni ma sun gaya mini. Ga ɗakina can, na gyara tun kafin Kirsimeti."

"Kai ba soja ba ne. Oda, wanda ya ba da shi, shi ne zai cire. Har yanzu ba wanda ya zo ya cire."

"Shi wanda ya ba ka odan, ya san sunanka?"

"Ya ɗauki foto."

Wani dattijo ya ce to a rushe a gina, in sun zo su dubi hoton. Baba ya ce asesmen da ido ake yi. Wani ya ce a bar musu guntun bangon a gefe. Baba ya girgiza kai. Ina tsaye da ludayi a hannu, ina ganin Mama ta sunkuyar da kai a gaban wanta da mazan gari, sai na ji wuta ta taso mini daga ciki. Ni Allah ya yi ni da saurin hawa, kuma kowa ya san inda na gado shi.

"Baba, wa ya san da mu?" na ce da ƙarfi. "Can da ka kalla a talabijin, teku ne ya cinye garuruwa. Nan bango ɗaya ne ya tsage. Wane sojan duniya ne zai tuƙo jirgi ya zo saboda ɗakin Mama? Waɗanda ka je ka haƙa wa rijiyar ma, ka ɗauka akwai wanda ya tuna da fuskarka?"

Da na tsaya a kan maganar jirgin kawai, da wataƙila Kawu ya lallaɓa shi kafin hantsi. Maganar rijiyar ce ta ɓata komai, kuma na san haka tun ban rufe baki ba. 'Yar cikinsa, a gaban surukinsa da sa'o'insa. Baba bai dube ni ba. Ya ɗaga haɓa ya kafa wa bishiyar mangwaro ido, ya ce, "Na gama magana."

Babu mai sa diga a bangon mutum yana tsaye yana cewa a'a. Suka saɓa kayan aikinsu suka juya. Mama ta bi su da gudu har ƙofar gida tana roƙo su zauna ko kunu su sha. A wurinmu kuwa ba a cin abincin gayya sai an yi aikin, wanda ya ci bai yi ba har 'ya'yansa sai an yi wa gori. Kawu ya tsaya ya dubi ƙanwarsa. "Ba mu yi zufa ba," ya ce, ya wuce. Suka nufi gida na huɗu, inda ba a ma shirya musu ba.

Ni da Mama muka mai da kayan ɗaki ɗaya bayan ɗaya. Gadon kaɗai muka canja wa wuri, muka kai shi jikin bangon yamma. Pate da wake muka yi ta ci kwana biyu har suka gundure mu, sauran da kunun da ya yi tsami aladu suka samu. Ban taɓa ganin Mama tana kuka a kan abinci ba sai ranar da take juye musu shi.

Daga nan na shiga fafutuka, kuma duk inda na taɓa sai ya ƙara ɓata mini rai. Na kai ƙara wurin fasto. Ya zo da dattawan ikilisiya biyu, Baba ya ba su kujeru da ruwa, ya saurare su da ladabi har awa guda, aka rufe da addu'a, bango yana nan yadda yake. Ranar da Baba ya tafi taron tsofaffin sojoji na ɗauko magina daga wani gari, da suka ji mai gida bai yarda ba suka hau babur ɗinsu suka koma. Sai na ce to, tunda oda yake so a cire, bari in nemo wanda ya ba da ita. A nan na gane ban san ko daga ina farar motar ta fito ba. Na shiga ofisoshi a Kafanchan, wannan ya tura ni wancan. A wani aka ce ba su ba ne, a wani aka ce wanda ya san zancen an yi masa canjin wurin aiki, a wani kuma wata mata ta ɗago daga wayarta ta tambaye ni wace girgizar ƙasa.

Har takardar ƙarya na yi, ba zan ɓoye ba. Na zauna na tsara ta da Turanci, cewa an kammala dubawa, an ba mai gida izinin gyara, ana roƙonsa ya fara. Na kai aka buga mini a kwamfuta, na sa a ambulan mai ruwan ƙasa. Baba ya sa tabarau ya karanta ta sau biyu, ya juya bayanta, ya ɗaga ta wajen haske.

"Ba sitam, ba lamba," ya ce. "Kuma wannan Turancinki ne, malama. Soja ba ya roƙo a cikin oda." Ya ninke ta ya miƙo mini.

Na koma kan Mama. Na ce ta tattara ta biyo ni Kafanchan, ko ta koma ɗakin Baba kafin a ga yadda za a yi. Ashe taurin kan ba a ɗaki ɗaya yake kwana ba.

"In na fita, shi ke nan ya samu yadda yake so," ta ce. "Ɗakin zai zama na nuna wa baƙi. Amma in ina ciki, dole wata rana ya ji tsoro."

"In bai ji ba fa, Mama?"

"Tun ba a haife ki ba nake tare da shi. Zai ji."

Sau ɗaya tak na yi magana da Baba ba da faɗa ba. Da safe ne, na bi shi filin makaranta na riƙe masa bokitin toka. Na ce ya gafarta mini abin da na faɗa ran gayya. Ya yi ta zuba tokarsa kamar bai ji ba. Sai can ya ce a ƙasar da aka tura su, akwai ƙauyen da suka isa a makare, wata biyar bayan an karya musu gada. Kowa ya watse sai wani tsoho da ya kafa bukka a bakin kogin. Da ya ga motocinsu bai yi mamaki ba, tashi kawai ya yi ya nuna musu inda ƙasa take da ƙarfi.

"Wata biyar," in ji Baba. "Da ya gaji ya tafi, wa za mu samu? Mu ma yanzu ne muka kai wata biyar."

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma bai sake ni ba. Na so in ce masa tsohon can ba shi da mata tana kwana a ƙarƙashin gadar, amma na riga na ga abin da bakina yake jawowa, sai na haɗiye.

Ruwan farko yayyafi ne kawai. Na biyu ya ɗan yi ƙarfi, washegari tsagar ta wuce layin gawayin Baba da yatsa biyu. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, na ce a raina yau zai sauko. Sai ya je ya ɗauko gawayi ya ja sabon layi. Ya samo itace biyu ya tokare bangon ta waje, wai tokari ba taɓawa ba ne. A lokacin gayyar gini ta daɗe da watsewa, kowa yana gonarsa yana shirin shuka citta.

Ruwa na uku ya zo ina gida hutun Ista, da la'asar. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin, iska ta fara ɗaga kwanon rufi. Ina kicin ina rufe itace, Baba yana ƙofar ɗakinsa. Mama ta shiga nata don ta sa roba inda yake yoyo. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ban ji wata babbar ƙara ba, wani nishi ne mai nauyi, sai kururuwar kwano. Da na leƙo babu bangon gabas, rufin ya durƙusa ciki.

Ban san na yi ihu ba, an dai ce har bakin rafi an ji ni. Baba ya riga ni isa. Ya faɗa kan laka yana tonawa da hannu, yana kiran Mama da sunanta na yare, sunan da ban taɓa jin ya kira ta da shi a gabanmu ba. Kafin in ɗaga bulo uku sai ga Kawu cikin ruwa ba riga, bayansa mazan nan da aka kora, waɗansu da fartanya da diga, waɗansu hannu kawai. Babu wanda ya aika a kira su. Suka ɗaga kwanon suka janye katakai. Mama tana ƙasa kusa da ƙofa, da ranta, idonta biyu, katakon rufi ya danne mata cinya. Alhajin da ke sayen citta a garinmu ya kawo motarsa a-kori-kura, muka shimfiɗa ta a baya a kan buhuna, muka kama hanyar Kafanchan cikin ruwa. Baba yana riƙe da kanta, farcensa biyu sun fita, jini yana bin hannunsa.

Ƙashin cinyar ya karye gida biyu. Wata biyu ta yi a asibiti, daga nan na kawo ta gidana. Ta tashi, amma da sanda, kuma ba za ta ƙara sunkuyawa a gonar citta ba.

Baba kuwa, a tsakiyar damina, lokacin da ba a gini kuma ba a roƙon hannun kowa, ya cire hula ya bi gidajen garin ɗaya-ɗaya. Kawu ya ce da Baba ya shigo gidansa durƙusawa ya yi, har shi Kawun ya ji kunya ya ɗaga shi. Suka bar gonakinsu suka zo. Da bulon siminti aka yi wannan karon, yini uku, matan zumunta suka dafa, aka ci. Baba da kansa ya yi shafe, ya shafa farar ƙasa, ya sa taga mai gilashi, abin da ɗakin bai taɓa samu ba. Filin makaranta kuwa tun ranar ruwan bai sake taka shi ba.

Sai ya zo Kafanchan ɗaukar matarsa. Ya same ta a baranda ta miƙe ƙafa tana ɓarar agushi. Ya gaishe ta a tsaye, hula a hannu.

"Ɗaki ya gama," ya ce. "Na zo in kai ki gida."

Mama ba ta ɗaga kai daga farantin ba. "Sannu da aiki. Na ji. Zan zo."

"Yaushe?"

"Zan aiko."

Damina biyar ke nan ba ta aika ba. Ba ta zage shi ba, ba ta ce ta bar auren ba. In ya zo ƙarshen wata da acha da doya, takan karɓa ta sa a dafa masa, su yi hirar waɗanda suka mutu da waɗanda suka haihu, ya kama hanya kafin la'asar. Na yi faɗan, na yi roƙon, na kawo fasto, na kawo Kawu. Na ce mata mutumin nan ya tsufa, ɗayan idon ma ya fara mutuwa, shi kaɗai yake dafa wa kansa. Takan dube ni ta ce, "Kin gaji da ni ne?" Wani lokaci nakan shiga ɗakina in rufe ƙofa in zauna, don kada in faɗi abin da zan yi nadamarsa a karo na biyu. Haushin su biyun nake ji, kuma ban san wanda zan fara da shi ba.

Shekaranjiya ya kira ni a waya ina shirin fita makaranta. Ya tambayi yara, ya tambayi aiki, sannan ya zo kan abin da ya kira dominsa.

"Mamanki ya ce wani abu?"

Na dubi Mama. Tana jin komai, don muryarsa a waya har waje take fita. Ta girgiza kai, ta ci gaba da shafa man zafi a gwiwarta.

"Ba tukuna, Baba."

"To," ya ce. "Ba sauri. Ɗakin yana nan."

Baba bai taɓa koyon kashe waya ba, sai dai ya jefa ta aljihu. Na tsaya da tawa a kunne, lokacin makaranta yana wucewa, ina jin takunsa a tsakar gida, sai ƙarar buɗe ƙofa, sai tsintsiya.